Shida da Bakwai

Ni Maman na riga kowa ganin zanen nan, tun ina dako a unguwar Zahir a ƙasa mai tsarki, masu gardamar yau ko haihuwarsu ba a yi ba. Ban yi boko ba, amma na tsallake hamada da ƙafata, idona kuwa bai taɓa yi mini ƙarya ba.

A ƙofar gidan wasu attajirai akwai tsohuwar igwa bisa dutse, da rubutun yabon kakansu mayaƙi. A gindin dutsen akwai zoben ƙarfe. Masu gida sun ce na ɗaure raƙumi ne. Matasanmu sun ce mutane aka ɗaure, alhazan da aka kama a hanya aka sayar, don haka a cire igwar.

Hajo, tsohuwar Bagobira mai sayar da gyaɗa a tsallaken titin, ta san gaskiya. Kusa da zoben an karce dutsen, layi shida a hagu, bakwai a dama. Balarabe zai ce kartar akuya ce. Bagobiri ya san tsagar fuskarsa, irin wadda ke kuncin Hajo. Kakar Hajo ce ta zana da ƙusa tana ɗaure, don ko wani nata ya wuce ya gane.

* * *

Marwan, jikan yayarta, malamin makaranta mai takardar zama ɗan ƙasa, ya tsuguna gabanta da waya.

"Inna, minti ɗaya bas, ba ƙari. In ɗauki kuncinki, in ɗauki dutsen. Wallahi bakinsu zai mutu."

"Sauke abin nan!" Ta ture wayar har gyaɗa ta zube. "Kai kana da takarda. Ni shekara arba'in ba iƙama. Su ga fuskata, gobe ina motar tarhil, a maida ni gida. Wa na sani a Gobir yanzu?"

"To kakarki fa?"

"Ita an ɗaure ta don kada ta tafi. Ni so kake a ɗaure ni a fitar?"

Wata farar mota ta rage gudu a gabansu. Hajo ta ƙura wa farantinta ido har motar ta wuce. Washegari ta fito da niƙabi, ita da ba ta taɓa sawa ba.

* * *

Da surutu ya yi yawa, masu gida suka ce sun ji koke. Suka kira magina. Aka tumɓuke zoben, aka shafe gindin dutsen da siminti, aka yi wa igwar sabon fenti.

Hajo na kallo daga tsallake. Yatsanta kawai ke tafiya a ƙarƙashin niƙabin, yana bin layukan kuncinta ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya ɗauki guduma ya fasa simintin ya ƙirga. Sannan, in ya isa, ya tsallaka titi ya ce wa Hajo ta buɗe fuska.