Yatsan da Dutse Ya Cinye

"Sake ɗorawa, Baba," in ji ma'aikaciyar.

Mahaƙin ya goge babban yatsansa a gaban riga, ya sake danna shi a kan ɗan gilashin. Na'urar ta yi ƙara, ta kawo ja. Karo na bakwai ke nan.

Wata goma sha ɗaya ya yi yana haɗa takardun nan: taswirar fili, yardar masu gona, rahoton muhalli, hotuna huɗu. Saura zanen yatsa kawai a karɓi takardarsa ta neman lasisin ramin kuzar da ya shekara ashirin yana haƙa. Dokar ofishin ma'adinai kuwa ba ta da kwana-kwana: wanda ya riga shigarwa, shi ke da fili.

Ma'aikaciyar ta kama hannunsa ta juya. Dutse ya cinye zanen tas, fatar ta yi sumul kamar bayan cokali.

"Baba, ai ba ka da yatsu."

"Ga su nan goma, 'yata. Da su nake ciyar da mutum tara."

"Na'ura ba ruwanta da wannan. Ka huta sati uku, kana shafa mai. Zanen zai dawo."

"In na huta, su ci me? Sa hannu fa? Na iya rubuta sunana."

"Da can ne. An daina."

Ya hura wa yatsan iska, ya lasa, ya gwada na hagu, har ɗan ƙaramin. Ja dai. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ƙasan rami.

"Na gaba!"

Na gaban wakilin wani kamfani ne, mai fara'a, wanda tun safe suke hira a benci. Da ya shimfiɗa taswirarsa a tebur, mahaƙin ya gane kwanar rafin, ya gane tudun. Filinsa ne. Sau ɗaya mutumin ya taɓa gilashin, na'urar ta kawo kore.

A bakin ƙofa wakilin ya cim masa, ya miƙa hannu suka gaisa, ya ƙi saki.

"Kai, Baba, wannan hannu haka! Irinsa muke nema. In mun fara aiki ka zo, ka ce ni na turo ka."

 Mahaƙin ya so ya yi zuciya, sai ya tuna mutum tara.

"A wurinku ana danna yatsa?"

"Kowace safiya, kafin a shiga."