Fiyus a Aljihun Baba Mai Tsani

"Riƙe min tsanin nan da kyau, ɗiyata, ba keken ɗinki ba ne," in ji Baba Mai Tsani, hularsa na gogar silin.

Maƙwabcina ne, tsohon ma'aikacin gidan ruwa da ya yi ritaya ya koma gyaran abin da bai lalace ba. Ni tela ce, ƙofata na kallon tasa, don haka duk ranar da ya ɗauko tsani ni ake kira. Amma aikin ranar nan na gaske ne. An yi wa matarsa, Inna, aikin ido, ga ƙananan fitilun da ke cikin silin ɗin kicin ɗinta sun kama ƙyaftawa ba ji ba gani. Da ta shiga sai jiri ya kwashe ta, har ta ƙona hannu da tukunya.

Ya zura hannu ramin fitila, ya zaro wani ɗan farin akwati mai wayoyi.

"Ga mai laifin, ɗan taransifoman nan. Na tsofaffin ƙwayayen fitilar ne, masu zafi, masu cin wuta. Da na sa sababbi masu ɗan ci, sai ya rasa kayan ɗauka, shi ne yake in-ina."

"Malam, don Allah ka kira mai gyaran wuta," Inna ta ce daga ɗaki, filasta a ido ɗaya.

"Ni na canza ƙwayayen, ni na ƙona miki hannu, ni zan gyara."

Ya sauko yana lissafi da yatsu. Ƙwai huɗu, wat biyar-biyar, ashirin ke nan. Taransifoma mai wat talatin zai sayo don kada ya yi zafi, bolt sha biyu, wanda aka yi don sababbin ƙwayaye. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Baba na da wata ɗabi'a da muke masa tsiya a kanta. Ba ya taɓa wayar wuta sai ya zare fiyus ɗin gidan gaba ɗaya ya jefa a aljihun gaba. "Makunni kowa na iya dannawa," yakan ce, "aljihuna kuwa sai ni." Haka ya fita sayayyar da shi.

Ina kan keken ɗinki wayata ta yi ƙara. Lambar Baba ce, amma murya ta wani.

"Mai shagon kayan wuta ne. Ke ya kira ƙarshe. Baiwar Allah, dattijon nan fa ya rasu."

"Wane dattijo? Yanzu na riƙe masa tsani!"

"Ya zaɓi kayansa, yana karanta rubutun jikinsa, ya ce a ba shi kujera. Wallahi shi ke nan. Muna asibiti."

Ban san na taka allura ba sai a hanya. A asibiti aka ce zuciya ce. Na yi ta kallon likitan ina jira ya ce kuskure aka yi. Aka miƙo min leda: hula, tabarau, sabon taransifoma a kwalinsa, da fiyus.

Na dawo rana na faɗuwa. Kowane gida da haske ban da nasu. Inna na zaune a bakin ƙofa tana fifita.

"Tela, kin ga halin mutumin nan? Ya tafi da wutar gida a aljihu, yana can yana zuba surutu."

Na durƙusa gabanta. Na sa mata fiyus ɗin a tafin hannu. Ta shafa shi, ta juya, sai mafici ya faɗi.

"Ba ya ba kowa wannan," ta ce. "Innalillahi. Tela, ba ya ba kowa."

Sai da aka kwana biyu, 'ya'ya da dangi suka ragu, ta tambaye ni, "Ya samo abin?"

"Ya samo, Inna."

"To a sa."

Mai gyaran wuta ya zo, ya duba kwalin ya ce daidai ne, ya hau tsanin Baba da ba wanda ya iya naɗewa. Na riƙe masa. Da ya gama, Inna ta danna makunni da hannun da ya ƙone. Ta ɗaga kai, ta daɗe tana jiran fitilun su ƙyafta.

Ba su ƙyafta ba.