Romon Maazou

Ƙarar ta fito ne daga saman rufin ɗakin Hama, kamar ana busa ƙaramar sarewa cikin ruwa. Ya tashi zaune yana saurare. Hama mutum ne mai son abin mamaki, ya taɓa ɓata yini yana bin wani ƙwaro cikin gonakin dabino na Zighan don ya ga inda yake kwana. Har ya fara tunanin tsuntsu ne ya shiga bututu, sai ya ji kukan mace daga bene.

Numfashin Maazou ne, sabon ɗan hayan da ya tare sama da shi a unguwar Manshiya, cikin garin Sabha.

Hama ya gane shi tun ranar da ya sauke kaya. Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin da aka buɗe iyaka aka ce duk ɗan Afirka ya shigo, Maazou ne direban motar da ta ɗauko su daga Agadez. Bayan garin Dirkou, a tsakiyar hamada, ƙanen Hama, Salissou, ya sauka kama ruwa. Maazou ya ce ba ya jiran kowa, ya ja mota. Hama ya yi ta dukan motar har fatar hannunsa ta saɓule. Ba a sake ganin Salissou ba.

Da safe Kaltoumi, matar Maazou, ta buga masa ƙofa. Watanta uku da zuwa daga Tanout.

"Baba Hama, don Allah ka raka mu asibiti. Maigida ya kasa magana, ni kuma ba na jin Larabci."

Ya sa hularsa ya bi su.

Likitar ta daɗe tana sauraron ƙirjin Maazou, sannan ta zana zuciya a takarda. Hama ya matso, ya kusa manta abin da ya kawo shi.

"Ta ce zuciya nama ce, cike da ƙananan murhu," ya faɗa wa Kaltoumi. "Ta saurayi kitse take ƙonawa, wuta mai daɗewa kamar ta gawayi. In mutum ya tsufa, murhunan su ragu, waɗanda suka saura su gaji, kitse ya gagare su. Sai ta koma sukari, wutar kara, ta tashi fuu ta mutu."

"Ikon Allah. To me za mu yi?"

Likitar ta ɗaga yatsa ta ce kada gishiri ya taɓa bakinsa. Gishiri yana tara ruwa a jiki, zuciyar nan kuwa ba ta da ƙarfin tura shi. Sau biyu ta faɗa.

Hama ya dubi Maazou, kwance ido rufe, baki a buɗe. Ya tuna yadda ƙishirwa take busar da harshe.

"Ta ce ya sha maganinsa, ya huta," in ji shi. "Ya riƙa shan romo."

Bayan la'asar ya sayi ƙashin raƙumi a kasuwa. Yana da guntun kantu na gishirin Bilma da yake ajiye don kyan launinsa. Ya fasa, ya daka, ya zuba, ya ƙara. Ya rufe ɗanɗanon da barkono da citta. Ya san dole a sha: ba a mayar wa maƙwabci kwanonsa cike, ko a Sabha ko a gida. Gobe ma zai dafa, jibi ma.

Ya ɗauki kwanon ya nufi bene. Matakala ashirin da biyu ce. A ta goma ya tsaya, ƙirjinsa yana dukan da bai saba ji ba. Bara da buhun siminti yake hawa irinta. Ya jingina da bango har gumi ya ragu, sannan ya ƙarasa.

Ya tarar an jingina Maazou da matasai. Rakiatou mai sayar da shayi a ƙasa ta zo dubiya, tana zaune bakin ƙofa.

"Kai, Baba Hama, har da girki? Mu da muka yi zazzaɓi bara ko sannu ba mu samu ba!"

Kaltoumi ta karɓa tana ta godiya, ta miƙa wa mijinta. Maazou ya kurɓa. Ya riƙe romon a baki, ya haɗiye, ya ɗago ya dubi Hama. A hankali, yana ja da numfashi, ya maimaita maganar likitar kan gishiri da Larabcin Fezzan tsantsa, na mutanen yankin nan, irin na wanda ya shekara talatin yana ciniki da 'yan sandan hanya.

Ashe ya ji komai a asibiti.

"Ƙanenka. Wando shuɗi," Maazou ya ce da Hausa. "Yana gudu yana riƙe da buta. A madubi na gan shi."

Ya sake ɗaga kwanon ya kafa kai. Hama ya miƙa hannu, ya tsaya da shi a iska, bai kama ba, bai janye ba.

Rakiatou ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Wai dama kun san juna ne?"