Ina Sane

"Ƙanin uwarmu za ka sa a yi wa gwanjon mota?" Yaya ta tsaya a bakin shagon waldar, ta ƙi shiga.

"Kotu ce ta ce ya biya," in ji Auta.

"Kotun ce ta riƙa ɗaukar ka a kafaɗa kana masa fitsari?"

Bai ɗago ba, ya ci gaba da goge bakin ƙarfe. Injin waldarsa ya ƙone, da na aro yake aiki, mai shagon kuma ya ce ko kuɗin haya ko makulli.

Mahaifinsu ne ya yi wa Kawu ƙofofi da tagogin gida guda, bai ga ko sisi ba. Ya kai ƙara, ya yi nasara, sai ya naɗe takardar hukuncin ya ajiye saboda nauyin matarsa. Duk inda aka haɗu, Kawu zai dafe ƙirji ya ce, "Ina sane." A kan wannan kalma tsohon ya rasu.

Jiya lauya ya gaya wa Auta cewa hukunci ma yana tsufa. In ba a nemi kotu ta zartar da shi cikin wa'adi ba, ya zama takardar banza, nasu kuwa ranar Juma'a zai cika.

Yaya na cikin faɗa motar Kawu ta tsaya. Ya fito da fara'a, yana tattare riga kada ta taɓa ƙarafa.

"Ɗana, ashe har lauya? Haba. Ai ina sane. Bari makon nan ya wuce, ranar Litinin mu zauna a kashe maganar."

"To, ka ji," in ji Yaya. "Ka ba ni kunya a banza, mai taurin kai."

Auta ya kashe injin. Ya wanke baƙin hannunsa, ya ciro takardar daga akwatin kayan aiki ya cusa a aljihu. Ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, ya ɗaga wa ɗan acaɓa hannu.

"Kotu," ya ce masa.

Kafin ya hau ya juyo. Yaya ta buɗe baki, amma ba ita yake kallo ba.

"Kawu, duk shekarun nan ba ka taɓa sa rana ba. Me ya sa sai Litinin?"