Gero ko Dawa

Shekarar da taki ya gagari talaka, Nababa ya faɗo daga kan babur a hanyar Makoda, goshinsa ya daki dutse. Ya yi sati uku a asibiti a Kano, ya dawo gida da ƙafarsa, mutane suka yi ta zuwa barka.

Matarsa Furera ce ta fara lura. Bai manta komai ba. Ya san sunan kowa, ya san iyakar gonarsa, sallarsa ba kuskure. Amma ranar da aka kawo masa labarin rasuwar ƙanensa Usaini, sai ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya ci gaba da shan kununsa. Mutumin da a da ko akuyarsa ce ta mutu sai ya yini bai ci abinci ba.

Da suka koma asibiti, Furera ta faɗa wa likita abin da ke damunta. Likitar ta ɗaga hoton kansa, ta ɗora yatsa daidai bayan goshi.

"Inna, nan ne wurin da ke auna wa mutum nauyin abu, har ya ji a ransa wannan ya fi wancan. Nasa ya samu rauni. Yana sane da komai, amma duk ɗaya suke a wurinsa."

"Zai dawo yadda yake?"

"Wataƙila kaɗan. Ba zan yi miki alkawari ba."

Ruwan shuka ya sauka a makare. Da sassafe Nababa ya saɓi sungumi, Furera ta bi shi da ƙwarya biyu, ɗaya gero, ɗaya dawa. Ya tsaya a bakin gona yana bayani. Gero ya fi jure fari. Dawa ta fi cika rumbu. Gero tsuntsu na cinsa, dawa kuma tana son taki. Maƙwabta suka yi nisa da shuka, rana ta ɗaga, ƙasa ta fara shan iska, shi yana nan yana magana.

"Malam, wanne za mu zuba?"

"Kowanne da hujjarsa," in ji shi.

Shekara talatin bai taɓa tambayarta abin da zai shuka ba. Ta ajiye ƙwaryar dawa a gindin gawo.

"Gero. Fara sara."

Ya fara, ba musu. Yana sara, tana jefa iri tana takewa da diddige. Kafin la'asar ko rabin gonar ba su yi ba, bayanta ya riƙe. Ta zauna a kan kunya tana matsa ƙugu.

Ya zo ya tsaya a kanta. "Gobe me za mu yi?"

"Bari in huta tukuna," ta ce.