Ramin da ke Cikin Waƙar Goggo

Ranar da mota Landiroba ta tsaya a ƙofar gidanmu a Kwanyawa, har kaji sai da suka fito kallo. Yayana Halliru ne, mai aiki da 'yan majigi a Kaduna, ya zo da maigidansa, Malam Shitu. Fim za su yi na wani gida mai 'ya'ya rututu, shi kuwa Halliru ya cika baki cewa babu waƙar da ta kai wadda uwarmu Goggo ke yi wajen daka. In waƙar ta shiga fim ɗin, duk ƙauyen da majigi ya je sai an ji muryar Goggo. Ni Turai, murna kamar ta kashe ni.

Goggo ta gyara ɗaurin zane, ta kama taɓarya, aka kunna rikoda. Waƙar jerin sunayenmu ce, kowa da tsiyar da ake masa: Laure sarkin kuka, Jibo ci-ka-ƙara, ni kuma wai baki-ba-ƙofa, wanda sharri ne kawai. Amma kafin sunayen, kullum sai ta yi shiru, ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau uku, ta cafe.

Malam Shitu ya kashe rikoda. "Inna, waƙa ta yi, sai dai akwai rami a cikinta. A cike shi, in ba haka ba ba za ta shiga ba."

"Ba ya cikuwa," in ji Goggo.

Halliru ya durƙusa. "Don Allah Goggo, ki sa sunan ko waye. Ni na saba, tun ina yaro kowa yana cikin waƙar nan ban da ni."

Haushi ya turnuƙe ni. Mutum ya yi boko har Kaduna, amma gidansu ya gagare shi karantawa!

Na ce, "Yaya, kai ne ɗan fari, ka san bakinta ba zai kama sunanka ba. To ramin nan gurbinka ne! Ranar da mota ta ɗauke ka zuwa Kaduna, kwano biyu na gero ta daka, ba ta ambaci kowa ba, tafin nan kawai take yi."

"Wannan yarinya ba ta da kunya!" Goggo ta kawo mini duka da mafici, ta juya baya.

Malam Shitu ya yi tsalle ya miƙe. "A bar ramin! Inna, mu koma daga farko!"

Aka sake kunna rikoda. Halliru ne ke riƙe da abin ɗaukar murya, amma sai da aka karɓe shi daga hannunsa, don kukansa yana shiga cikin waƙar.