Ranar da Aka Ɓoye Timofei a Ramin Dankali

Shekarar Polina tara a lokacin, kuma tari ne ya hana ta zuwa makaranta ran nan. Ƙanƙara ta soma narkewa, hanya duk ta zama taɓo, tarakta ba ta iya shiga gona, shi ya sa wanta Timofei ma yana gida yana gyaran ƙafar kujera. Iyayensu suna garken shanun gandun haɗin gwiwa na ƙauyen tun asuba. Kakarsu Agafiya tana feraye dankali.

Wajen ƙarfe goma na safe, baƙin faifan rediyon da ke jikin bango ya katse kiɗa. Wata murya mai kauri ta ce, a hankali, dukkan gidajen rediyon ƙasa ne ke magana, kowa ya saurara.

Kaka ba ta bari mai maganar ya ƙarasa ba. Ta miƙe da wuƙa a hannu, ta fizge wayar daga bango.

"Kaka, ki bari mu ji mana," in ji Timofei.

"Na ji. Na san muryar nan. Shekara huɗu yana karanta mana labarin yaƙi. Mutumin nan ba ya buɗe baki don ya faɗi yadda kaji suka kwana."

Wancan yaƙin ya ɗauke mata miji da 'ya'ya biyu, aka aiko mata da takarda uku a madadinsu. Timofei kuwa shekararsa goma sha tara, ga tsawo, ga lafiya. Kaka ta naɗe shimfiɗar tsakar ɗaki, ta ɗaga murfin ramin da ake ajiye dankali.

"Shiga."

"Ni? Ƙato da ni?"

"Ƙattin ake fara kwasa. Shiga."

A gidan nan ba a yi wa Kaka musu sau biyu. Ya shiga yana ƙunƙuni. Ta rufe, ta jawo akwatin kaya ta ɗora a kai, sannan ta juyo kan Polina.

"Tari ba ya kisa. Ruga shago: gishiri, ashana, sabulu, iya abin da za ki iya ɗauka. Wanda ya tambaye ki Timofei, ya tafi birni wurin gwaggonsa tun Lahadi."

Sau da yawa an ba Polina labarin ranar da wancan yaƙin ya soma: mata suna kuka, maza sun taru a ƙofar ofishin gandu. Tana fita ta ga duka biyun. Maƙwabciyarsu tana share hawaye da bakin mayafi, maza sun yi cincirindo a ofis. Amma kuma ga malamin lissafi, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya rungume makiyayin shanu suna tsalle cikin taɓo. Wannan kam ba ya cikin labarin.

A shago, Kilava mai sayarwa ta dube ta sama da ƙasa.

"Gishiri har haka? Kakarki kabejin gari duka za ta jiƙa?"

"Ta ce yaƙi ne."

Kilava ta yi dariya har ta zauna a kan gangar kifi. "Wane yaƙi, 'yar nan? Mutum aka aika sararin samaniya a cikin kumbo. Namu ne. Yana can yana zagaya duniya."

"Me zai ɗauko?"

"Ba abin da zai ɗauko. Zuwa kawai ya yi."

Polina ba ta taɓa jin an aiki mutum babu saƙo ba. Tana ɗaure kayanta sai ta ji tsofaffi biyu da ke bayanta, waɗanda yanzun nan suka gama dariya, sun rage murya suna cewa su ma a auna musu gishiri. To wa za ta gaskata?

Ta kai wa Kaka labari tana haki. Kaka ta saurara har ƙarshe.

"Soja ne?"

"Sun ce manjo ne."

"To kin ji. Kin taɓa ganin an tura manjo wuri babu sojoji a bayansa? Ƙasa ta ƙare musu, sun koma sama."

Murya ta taso daga ƙarƙashin katako: "Me ta ce? Wace sama?"

"Yi mana shiru. Dankali ba ya magana."

Nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kaka ta zauna daram a kan akwatin. Yegor Kuzmich ne, shugaban gandu, hannun rigarsa na hagu a naɗe saboda ya baro hannun a fagen yaƙi. Ɗan sandan ƙauye yana biye da shi.

"Inna Agafiya, Timofei muke nema. Mota tana jira."

"Yana birni."

"Ga takalmansa a bakin ƙofa. Da safa ya tafi birnin?" Ya sunkuyo wajen Polina. "Ke 'yar makaranta ce, ba kya ƙarya. Ina wanki?"

Idon Kaka yana kan Polina. In ta faɗa, kuma Kaka ce mai gaskiya, takarda ta huɗu za ta zo gidan nan, ita ta jawo. In ta yi shiru, ga ɗan sanda a tsaye.

"Za ku dawo da shi?" Polina ta tambaya.

"Daga ina?"

"Daga saman."

Ɗan sanda ya tuntsire da dariya. Yegor Kuzmich bai yi ba. Ya dubi tebur, ya ga gishiri da ashana da sabulu, ya dubi wayar rediyo tana reto. Sai ya cire hularsa. Mota ɗaya ce ta kwashe shi da 'ya'yan Kaka a wancan karon.

"Inna, kiɗa zai yi. Taron murna ake yi a garin gunduma, kuma duk ƙauyen nan ba mai ja mana garmoshka sai shi. Kafin a tatsi shanun yamma zan kawo miki shi da hannun nan da ya rage mini."

"Wancan karon ma cewa kuka yi kafin girbi."

Polina har yanzu ba ta gane abin da manjo ya je yi a sama ba, ba ta kuma gane dalilin da za a yi masa kiɗa ba. Abin da ta gani kawai, Yegor Kuzmich bai yi dariya ba.

"Yana ƙarƙashin Kaka," ta ce.

Timofei ya fito da tsiron dankali a gashinsa, ya sauko da garmoshkarsa, abin kiɗa mai zuga-zugi, daga kan kabad. Kaka ba ta dubi Polina ba. Ta ɗauko jakar buhu ta zuba busasshen burodi, safar ulu, cokali, da gishiri a ƙulle cikin tsumma. Ta ɗaura ɗankwali ta bi su. Mutum biyu suka ɗaga ta suka sa a bayan mota, ta kama ɗamarar Timofei ta baya ta riƙe.

Polina ta wuni a bakin taga tana tari, tana duban sama, tana duban hanya. A saman ba ta ga komai ba sai hankaki. Shanu sun soma kuka sannan motar ta ɓullo cikin taɓo. Timofei ya diro muryarsa a dishe, Kaka tana riƙe da ɗamarar har yanzu. Ta tsaya ta ƙirga mazan da suka sauko ɗaya bayan ɗaya kafin ta sake shi.

"Kaka, manjon fa?"

"Sun ce ya sauko."

"Me ya gano?"

"Ban tambaya ba."

Ta rataye jakar a ƙusan bayan ƙofa, ba ta kwance ta ba. Kwana uku ba ta yi wa Polina magana ba. A rana ta huɗu ta ajiye mata ƙwayar sukari kusa da kofin shayi, ta ce ta je ta mayar da wayar rediyon, amma kada ta ƙure murya.